Ƙungiyoyin Taimakon Juna na Masu Larurar Ƙwaƙwalwa Mai Tsanani: Tambayoyi da Amsoshi

Ranar da aka sallami mutum daga asibitin ƙwaƙwalwa, akan miƙa masa magani da takardar ranar da zai dawo ganin likita, bayan wata guda ko fiye. Tsakanin wannan rana da waccan akwai kwanaki masu tsawo da babu wanda ya tsara masa yadda zai yi da su. Aiki ya riga ya kuɓuce, abokai sun ja baya, mutanen gida suna ta kaffa-kaffa da shi. Saboda waɗannan kwanaki aka kafa ƙungiyoyin taimakon juna. Ga tambayoyin da masu larurar da danginsu suka fi yi a kansu.

Wace larura ake nufi da mai tsanani?

Galibi uku ake nufi. Akwai sikizofireniya, mai sa mutum ya riƙa jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko ya kafe a kan wani zato marar tushe, misali cewa ana bibiyarsa ko ana zuba masa guba. Akwai baifola, wadda mai ita kan ɗauki kwanaki ko makonni cikin zumuɗi, ba barci, ga surutu, ga kashe kuɗi ba lissafi, daga baya kuma ya faɗa cikin baƙin ciki mai nauyi. Sai ciwon damuwa idan ya yi tsananin da mutum ke kasa tashi daga shimfiɗa, balle wanka ko fita aiki. Abin dubawa shi ne daɗewar ciwon da yadda ya tsayar wa mutum da rayuwa.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 24 ne ke da sikizofireniya, wato ɗaya cikin 300, kuma a 2019 kusan miliyan 40 ke fama da baifola. Akwai wani lissafin hukumar da ya fi waɗannan tayar da hankali: masu irin wannan larura kan rasu shekara 10 zuwa 20 kafin sauran jama'a, kuma mafi yawa cututtukan jiki ne ke kashe su, irin su ciwon zuciya da ciwon suga, waɗanda da an lura da wuri da an tare su. Wanda ke zaune shi kaɗai a ɗaki, wa zai lura ƙafarsa ta kumbura?

Me ake yi a zaman ƙungiya?

Mutum shida zuwa goma sha biyu ne suke haɗuwa a rana ɗaya da wuri ɗaya, mako-mako ko duk bayan mako biyu, na kamar awa ɗaya da rabi. Kujeru a zagaye, babu teburin shugaba. Mai jagorantar zaman shi ma yawanci ya sha fama da ciwon, ya samu sauƙi, aka horar da shi. Wani lokaci ma'aikacin jinya ko na jin daɗin jama'a yakan taya shi.

Ana buɗewa da tuna ƙa'idoji, sannan a zagaya kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance. A ce wani ya ce tunda aka canza masa magani sai ya kai hantsi yana barci, har maigidansa a wurin aiki ya fara ɗaure fuska. Kafin mai jagora ya ce komai, wata daga can gefe za ta ce, "Malam, ni ma na sha wannan. Da na gaya wa likita, sai ya mayar mini da shan maganin zuwa dare. Ka tambaye shi ko naka ma zai yiwu." Wani dattijo kuma ya ƙara da cewa ya rubuta tambayar a takarda tun yau, don in an shiga gaban likita komai gudu yake yi daga kai. Mai maganar zai tashi da abu biyu: dabarar da zai gwada, da sanin cewa barcin nan ba lalaci ba ne, ko da yake an sha gaya masa haka a gida.

A ƙarshe kowa yakan faɗi ƙaramin abu ɗaya da yake son yi kafin zama na gaba. Wani wanke kayansa, wani kiran ƙanwarsa da suka yi wata ba su yi magana ba. Mako mai zuwa za a tambaye shi yadda aka ƙare.

Sabon abu ne wannan?

Ya daɗe. A 1937 wani likita mai suna Abraham Low ya kafa ƙungiya a Chicago don waɗanda aka sallama daga asibiti, ita ce yau ake kira Recovery International. A cikin shekarun 1940 wasu da suka yi jinya a asibitin Rockland na jihar New York suka ci gaba da haɗuwa bayan an sallame su, har a matakalar babban ɗakin karatu na birnin New York suke zama don ba su da wuri. A 1948 suka samu gini, aka sa masa suna Fountain House. Daga nan tsarin da ake kira Clubhouse ya bazu, yanzu akwai irin waɗannan gidaje sama da 300 a ƙasashe fiye da 30. A Ostareliya an kafa ƙungiyar GROW a birnin Sydney a 1957, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai wani limamin coci, Cornelius Keogh, wanda shi kansa ya yi jinyar ƙwaƙwalwa.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin al'umma, ta sa taimakon da masu larura ke yi wa juna cikin ayyukan da ta ce ƙasashe su ƙarfafa.

Ina shan magani, ina ganin likita. Me zai kai ni ƙungiya?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a ganina, kuma ta cancanci doguwar amsa.

Magani yana kwantar da muryoyi, yana dawo da barci, yana daidaita zumuɗi. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Amma akwai ɓarnar da ciwon ke bari a baya wadda ƙwaya ba ta kai gare ta. Mutum ya yi shekaru ana yanke shawara a kansa ba a tambaye shi ba. Ana maganarsa a gabansa kamar ba ya wurin. In ya yi fushi a ce ciwon ne ya motsa, in ya yi fara'a a ce a sa ido. An karɓe masa duk wani nauyi, ko aike ba a yi masa, ko shawara ba a nema a wurinsa. A hankali shi ma sai ya yarda cewa ba shi da sauran amfani. Da yawa daga cikin masu larurar sukan ce wannan ya fi muryoyin ciwo.

A ƙungiya abin yakan juya. Wanda kullum shi ake yi wa, yau shi ne ke ba wani shawara, kuma shawarar ta yi aiki. Idan bai zo ba a ga kujerarsa babu kowa, a kira shi a waya. Fountain House ta gina tsarinta kacokan a kan wannan: 'yan ƙungiya da ma'aikata tare suke girki, tare suke amsa waya, tare suke lissafi da shara, kuma da gangan ake taƙaita yawan ma'aikata ta yadda aikin gidan ba zai tafi ba sai da hannun 'yan ƙungiyar. Mutum yana tashi da safe da sanin cewa in bai je ba wani abu zai tsaya. Na yi imani wannan buƙata, a riƙa jiran zuwanka, tana cikin abubuwan da suka fi riƙe mutum a kan ƙafarsa.

Akwai kuma ilimin da sai wanda ya ɗanɗana. Likita ya san sunan maganin da adadinsa. Yadda za ka amsa wa maƙwabcin da ya tambaye ka ina ka shiga wata biyu, ko lokacin da ya dace ka gaya wa wadda kake nema da aure, ko yadda za ka jure bushewar baki da rawar hannu a gaban mutane, wannan a bakin 'yan'uwanka masu ciwon za ka ji shi.

Ƙungiya tana warkarwa? Zan iya ajiye magani idan na ji sauƙi?

A'a, kada ka ajiye. Binciken da aka tattara a kan taimakon juna ya nuna amfaninsa ya fi fitowa a wajen dawo da fata, yarda da kai da rage kaɗaici. A wajen rage alamomin ciwon kansu ko hana komawa gadon asibiti, tasirin bai kai haka ba. Saboda haka tafiyar tare ce, ƙungiya da magani.

Jin sauƙi shi ne lokacin da aka fi yin kuskure, domin mutum yana ganin ya warke alhali maganin ne ke riƙe da shi. Yanke maganin litiyam farat ɗaya, misali, yana iya dawo da baifola da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Idan maganin na wahalar da kai, da ƙiba ko sanƙarewar jiki ko yawan barci, ƙorafinka gaskiya ne, kuma wurin kai shi gaban likita ne. Ana iya rage adadi, a canza wani, ko a mayar da kai allurar da ake yi duk bayan mako biyu ko huɗu. Masu shan litiyam da kilozafin suna buƙatar gwajin jini a kai a kai, kuma 'yan ƙungiya sun iya tuna wa juna wannan. Abin da ba a yarda da shi ba ko kaɗan shi ne wani ya ba wani maganinsa don ya yi masa aiki.

Dole sai na yi magana?

Ba dole. Kana iya zuwa sau da yawa ka zauna ka saurara kawai. Idan zagaye ya zo kanka ka ce a wuce, za a wuce.

Sirrina fa? Ina tsoron labarina ya fita.

Tsoron yana da dalili, domin tsangwama na iya raba mutum da aiki ko aure. Ƙa'ida ta farko a kowace ƙungiyar kirki ita ce abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin, har da sunayen waɗanda suka zo. In kun haɗu da ɗan ƙungiya a hanya yana tare da wasu, ba ka cewa daga ina kuka san juna. Ba a ɗaukar hoto, ba a naɗar murya.

Sai dai wannan alkawari ne tsakanin mutane, kuma mutum ajizi ne. Fara da abin da ko ya fita ba zai cutar da kai ba, ka ƙara yayin da amana ke ginuwa. Ka kuma sani akwai iyaka guda: idan ran wani na cikin haɗari, naka ko na wani, mai jagora zai nemi taimako a waje. Ya kamata a faɗa maka wannan tun ranar farko.

Tara masu ciwo wuri guda ba haɗari ba ne?

Yawancin masu larurar ƙwaƙwalwa ba sa cutar da kowa, kuma sun fi zama waɗanda ake zalunta a kan su zama masu zalunci. Abin da ke ƙara haɗari da gaske shi ne shaye-shaye da ciwon da aka bari babu magani. Wiwi musamman yana iya tayar da ruɗewar hankali ga mai wannan larura. Shi ya sa ba a shiga zama cikin maye.

Abin da ya fi faruwa shi ne labarin wani ya yi wa wani nauyi. Mai jagora da ya san aikinsa ba ya barin a shiga bayanin yadda wani ya yi yunƙurin kashe kansa dalla-dalla, kuma duk wanda ya ji abin ya ishe shi yana da damar fita ya sha iska, wani ya raka shi.

Idan ciwon wani ya tashi, ko ya ce ya gaji da rayuwa?

A ɗauki maganar da gaske, ko sau nawa ya taɓa faɗa. A tambaye shi kai tsaye, cikin natsuwa: "Kana tunanin kashe kanka ne?" Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa don ya samu wanda bai tsorata da shi ba. Idan ya ce e, ba a barin sa shi kaɗai. A nisantar da shi daga tarin magani, guba ko makami, a kira likitansa ko lambar gaggawa, ko a raka shi asibiti a ranar. Bayan an sallame shi a ci gaba da leƙa shi, domin makonnin farko bayan fitowa daga asibiti lokaci ne mai haɗari.

Gara a yi shiri tun ana lafiya. A 1997 Mary Ellen Copeland da wasu masu larura a jihar Vermont ta Amurka suka tsara wata hanya da ake kira WRAP. Mutum da kansa yake rubuta alamomin da ke nuna ciwonsa na tahowa, misali kwana biyu babu barci ko fara zargin mutanen gida, ya rubuta wanda yake so a kira, asibitin da ya fi so, maganin da ya taɓa yi masa illa, da wanda zai kula da 'ya'yansa. Ranar da ba zai iya yanke shawara ba, maganarsa ce dai za a bi.

Har yanzu ina jin muryoyi duk da magani. Akwai wuri don irina?

Akwai. A 1987 wani likita a ƙasar Holan, Marius Romme, ya fito a talabijin tare da wata majinyaciyarsa, Patsy Hage, suka nemi masu jin muryoyi su tuntuɓe su. Ɗaruruwa suka amsa, aka kuma tarar wasu sun koyi zama da muryoyin suna gudanar da rayuwarsu. Daga nan ƙungiyoyin masu jin muryoyi suka fara, suka shiga Ingila a 1988, yanzu suna ƙasashe da yawa. A cikinsu ba a yi wa mutum dariya, ba a kuma jayayya da shi. Ana koyon dabaru: rubuta lokutan da muryoyin suka fi ƙarfi don gano abin da ke tayar da su, ware musu ɗan lokaci a rana a ce su jira har sannan, sa abin sauraro a kunne, ko shiga aiki da hannu. Idan muryar tana umartarka ka cutar da kanka ko wani, wannan maganar likita ce, a ranar.

Ƙanena ya ƙi zuwa. In tilasta masa?

Kada ki tilasta masa. Wanda aka ja zuwa ƙungiya zai ɗauke ta wani asibitin ne. Gaya masa akwai ta, ki ce za ki raka shi har ƙofa in yana so, sannan ki bar maganar ta kwanta. Wani lokaci abin da ke aiki shi ne ɗan ƙungiya ɗaya ya ziyarce shi su yi hira.

Kafin nan ke ki nemi taku, ta masu jinya. Iyaye mata biyu ne, Harriet Shetler da Beverly Young, suka faro haɗuwar da ta haifi ƙungiyar NAMI ta iyalan masu larura a Amurka a 1979, bayan sun gaji da ɗora musu laifin ciwon 'ya'yansu. Iyali ba su ke jawo sikizofireniya ba. Amma yanayin gida yana tasiri a kan dawowar ciwon. Binciken da George Brown da abokan aikinsa suka yi a Landan tun shekarun 1950 da 1960 ya nuna waɗanda suka koma gidan da ake yawan suka da faɗa, ko ake shisshigi a komai nasu, ciwonsu ya fi saurin dawowa. Koyar da iyali yadda ciwon yake da yadda za su yi magana da mai shi na cikin hanyoyin da aka fi tabbatar da cewa suna rage wannan.

Mai jinya ma tana gajiya, tana jin haushi, sannan ta ji kunyar haushin. A cikin 'yan'uwanta masu jinya ne za ta faɗi haka ba a ce ba ta da imani ba. Gajiyar da ba ta samu mafita ba ita ke kai wasu iyalai ga kulle mutum a ɗaki ko ɗaure shi. A 2020 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ana ɗaure masu larurar ƙwaƙwalwa da sarƙa a ƙasashe 60. Ɗauri ba ya maganin komai, rauni da tsoro kawai yake ƙarawa.

Addu'a fa?

Mutane da yawa imaninsu ne ke riƙe su a cikin wannan jarrabawa, kuma ƙungiyar kirki tana girmama hakan ba tare da ta fifita addinin wani a kan na wani ba. A yi addu'a, a sha magani. Wanda ya ce sai ka zubar da maganinka kafin addu'arsa ta karɓu, ka yi nesa da shi.

Ta yaya zan gane ƙungiyar da ba ta dace ba?

Idan ana alkawarin warkewa cikin kwanaki, ko ana tallar wani magani, ko ana neman kuɗi mai yawa, ka yi hattara. Haka in mutum ɗaya ne ke magana daga farko har ƙarshe, ko ana zuga ka ka yanke hulɗa da likita ko dangi, ko ana nuna ku ga baƙi ana ɗaukar hoto don neman tallafi ba da izininku ba. Ma'auni mai sauƙi shi ne ka je sau uku ko huɗu, ka duba yadda kake ji a hanyar komawa gida. In kullum da nauyin zuciya kake fitowa, nemi wata.

Ta intanet tana yi?

Tana yi ga wanda ke nesa, ko wanda fita ke yi wa wuya, ko mai tsoron a gan shi. Sai dai sirri ya fi saurin fita, domin kowa na iya ɗaukar hoton abin da ka rubuta. Zaɓi wadda ke da masu kula da ita, kada ka ba da adireshinka, kuma kada hirar dare ta cinye maka barci, musamman in kana da baifola, don rashin barci na tayar da ita.

Ƙungiya na taimakawa wajen aiki da sana'a?

Wasu na yi, kuma ina ganin duk wadda ta iya ya kamata ta yi, domin talauci da wannan ciwo suna ciyar da juna. A tsarin Clubhouse akan samo wa ɗan ƙungiya aikin wucin gadi na albashi a wani kamfani, da sharaɗin ranar da bai iya zuwa ba wani daga gidan zai tsaya masa, don kada aikin ya salwanta. Ƙungiyar BasicNeeds, wadda Chris Underhill ya kafa a 2000, ta yi aiki a ƙasashe irin su Gana, Uganda da Indiya, inda take haɗa magani da ƙungiyoyin taimakon kai da ƙananan sana'o'i kamar noma da kiwo.

Babu ƙungiya kusa da ni. Zan iya kafawa?

Fara da tambaya a asibitin da kake karɓar magani, wataƙila akwai wadda ba ka sani ba. In babu, mutum uku ko huɗu sun isa farawa. Nemi ma'aikacin lafiya guda da zai yarda a kira shi idan abu ya taso, ya kuma riƙa sanar da sauran majinyata. Samu ɗaki mai ƙofa, mai sauƙin zuwa, wanda shigarsa ba za ta tona asirin kowa ba. Tsayar da rana da lokaci, kada a riƙa canzawa, ko mutum biyu ne suka zo a yi zaman. Watannin farko za a ga ƙarancin mutane, wasu su zo sau ɗaya su ɓace, wasu su dawo bayan rabin shekara. A karɓe su ba tare da tuhuma ba.

Ku rubuta ƙa'idojinku tare a zaman farko, kowa ya ba da lambar wanda za a kira in ciwonsa ya tashi. Masu jagora su zama aƙalla biyu, domin mai jagora shi ma yana da larura, kuma ranar da ya kwanta bai kamata ƙungiyar ta kwanta da shi ba. In za a tara kuɗi, ko na mota ne, a rubuta a littafi, mutum biyu su sa hannu, a karanta lissafin a gaban kowa duk wata.